Yadda ake tsara dabaru huɗu na dodon da ke buɗe fage a Pokémon

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Jidda. Ni da abokaina mukan haɗu a istiraha, wato wurin hutawa, daren Juma'a bayan Isha'i mu kara a Pokémon Showdown ta waya, rukunin OU (na dodannin da aka fi amfani da su) na Scarlet da Violet, ɗaya da ɗaya. Glimmora nake fara fitarwa kullum. Na ba ta Stealth Rock, Spikes, Toxic Spikes da Power Gem, tana riƙe da Leftovers. Amma ko dai a kashe ta da bugu ɗaya, ko a rufe mata baki da Taunt, ko kuma Great Tusk ya shigo ya share duk tarkon da na zuba. Don Allah yaya ake tsara dabarun mai buɗe fage?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Zaɓen Glimmora ba shi da laifi, tana cikin waɗanda suka fi iya wannan aiki a wasan da ya fito a 2022. Matsalar tana cikin lissafin zagaye. Ka ɗora mata aikin da ke bukatar zagaye shida, wato ɗaya na Stealth Rock, uku na Spikes, biyu na Toxic Spikes, alhali da wuya abokin karawa mai wayo ya bar ta ta yi biyu. Kafin ka cike gurbi ko ɗaya, amsa wannan: idan ta faɗi, me nake so ta bari a fili, kuma wa zai ci moriyarsa a cikin sauran biyar ɗin? Mai buɗe fage kamar yaron da ake turawa gaba ne zuwa Kornish, bakin tekun Jidda, ya shimfiɗa darduma ya kama wuri kafin 'yan gida su iso. Aikinsa ɗaya ne, kuma da shi kaɗai ake auna shi.

Mu fara da abin da ya fi daraja a cikin tarkunanka. Stealth Rock zagaye ɗaya kawai yake ci, kuma yana taɓa kowane dodo da ya shigo, har masu tashi sama. Asalin ɓarnarsa ɗaya bisa takwas ne na jini, amma tana hawa da sauka gwargwadon raunin dodo ga jinsin Dutse: Dragonite yana asarar kashi 25 cikin ɗari, baiwarsa ta Multiscale, mai rage masa ɓarna muddin jininsa cike yake, kuma ta lalace tun kafin ya motsa, Moltres da Charizard rabin jininsu ke tafiya. Spikes shimfiɗa ɗaya ɗaya bisa takwas ne, biyu ɗaya bisa shida, uku ɗaya bisa huɗu, kuma ba ya taɓa masu tashi ko masu baiwar Levitate. Ka ga shimfiɗa ta biyu ƙarin da take kawowa kaɗan ne idan aka kwatanta da zagayen da ta cinye. Shi kuwa Toxic Spikes, tarkon da ke sa guba, a jikin Glimmora ɓarnar gurbi ne tsantsa, domin baiwarta ta Toxic Debris tana zuba shi kyauta duk lokacin da aka buge ta da bugun jiki, har shimfiɗa biyu. Cire shi yau.

Sai abin riƙo. Leftovers yana mayar da ɗaya bisa goma sha shida na jini a ƙarshen kowane zagaye, don haka na masu daɗewa a fili ne irin su Ting-Lu. Glimmora jinsin Dutse da Guba ce, bugun Ƙasa yana cin ta ninki huɗu. Earthquake ko Headlong Rush guda ɗaya ya gama da ita, ba ta kai ƙarshen zagayen da za ta ci Leftovers ɗin ba. Abin da take bukata Focus Sash ne: muddin jininta cike yake, bugun da zai kashe ta zai bar ta da ɗigo ɗaya.

A nan ne gudu yake shigowa, kuma nan nake so ka fi natsuwa, don yawancin masu farawa a nan suke tuntuɓe. Ɗauka kana da Focus Sash kuma ka fi abokin karawa gudu. Zagayen farko ka zuba Stealth Rock, ya buge ka, ka tsaya da ɗigo ɗaya. Zagaye na biyu kai ne za ka sake fara motsi, ka yi dabara ta biyu, sannan ya kashe ka. Ayyuka biyu ke nan. Idan shi ya fi ka gudu, zai buge ka, ka zuba duwatsu, a zagaye na biyu ya kashe ka kafin ka ɗaga hannu. Aiki ɗaya. Maki ɗaya na gudu yana iya zama bambancin aiki ɗaya da biyu, shi ya sa ba a yi wa mai buɗe fage irin wannan rowar gudu.

Ga lambobin. Makin horo gaba ɗaya 510 ne, ba a zuba fiye da 252 a fanni guda, kuma a mataki na 100 kowane maki huɗu suna ƙara lamba ɗaya. Zuba 252 a gudu, 252 a ƙarfin bugun musamman, 4 daga cikin ragowar 6 a kariyar musamman. Ɗabi'a ta zama Timid, wadda ke ƙara kashi 10 cikin ɗari a gudu ta rage ƙarfin bugun jiki da ba ka damu da shi ba. Asalin gudun Glimmora 86 ne, da wannan tsari tana kai 298. Great Tusk asalinsa 87, idan an cika masa gudu da ɗabi'ar Jolly yana kai 300, wato ya riga ka da maki biyu kuma babu yadda za ka yi. Amma mai ɗabi'ar Adamant a 273 yake tsayawa, na kariya kuma ƙasa da haka sosai. Wasu kan yi kwaɗayin ƙarfi su sa Modest, sai gudun ya sauko 271, Great Tusk mai 273 ya tsallake su. Ban yarda da wannan ciniki ba ko kaɗan: asalin bugun musamman nata 130 ne, ya isa.

To gurabe huɗun. Na farko Stealth Rock, shi ne dalilin fitowarta. Na biyu Mortal Spin. Ƙarfinsa 30 ne kacal, amma yana sa wa abokin karawa guba kuma yana share tarkon da aka zuba a ɓangarenka, don haka idan masu zuba tarko biyu suka haɗu kai ne da riba. Ka riƙe cewa ba ya kama jinsin Ƙarfe, idan kuma bai kama ba, ba ya share komai. Wannan ne ya wajabta gurbi na uku, Earth Power mai ƙarfi 90, domin Kingambit da Iron Treads da Gholdengo, kuma yana cin Heatran da wata Glimmora ninki huɗu. Ka lura da saƙon da ke fitowa idan Gholdengo ya shigo: in yana riƙe da Air Balloon, Earth Power ba zai taɓa shi ba sai an fasa balan-balan ɗin da wani bugu.

Gurbi na huɗu shi ne wanda ba ni da ikon yanke maka, tawagarka ce za ta yanke. Power Gem, ƙarfi 80 kuma ba ya kuskure a ka'ida, na Cinderace ne da Moltres da Zapdos da Dragonite. Energy Ball mai ƙarfi 90 yana cin Great Tusk da Ting-Lu da Samurott na Hisui ninki biyu. Sludge Wave mai ƙarfi 95 shi ne maganin Hatterene. Tunda ka ce Great Tusk ne ke damunka, da Energy Ball zan fara. Hanyar zaɓe ita ce ka rubuta dodanni biyar da abokanka suka fi fara fitarwa, ka buɗe na'urar lissafin ɓarna ta Showdown, ka gwada kowane bugu a kansu. Wanda ya mayar da bugu uku ya zama biyu a kan wanda ya fi takura maka, shi ne naka.

Da wannan tsari matsalar Taunt ta ragu da kanta. Taunt yana hana duk dabarar da ba bugu ba har zagaye uku. A tsohon tsarinka uku cikin huɗu sun mutu nan take, yanzu ɗaya ne kawai, sauran ukun suna hukunta wanda ya ɓata zagayensa. Akwai Mental Herb da ke warware Taunt sau ɗaya, amma zai ƙwace wurin Focus Sash, kuma Glimmora ba ta da jikin da za ta rayu babu shi. Hatterene kuwa ta fi Taunt haɗari: baiwarta ta Magic Bounce tana mayar maka da Stealth Rock ɓangarenka. Idan ka gan ta a jerin abokin karawa, kada ka danna duwatsu a zagayen farko da ido rufe, domin ita za a shigo da ita. Yi bugu tukuna.

Focus Sash ma yana da masu karya shi. Bugun da ke sauka sau da yawa, irin Icicle Spear, Rock Blast, Scale Shot ko Dragon Darts na Dragapult, na farko zai kai ka ɗigo ɗaya na biyu ya ƙarasa. Bugun da ke riga kowa, irin Extreme Speed da Aqua Jet, yana ƙwace maka aiki na biyu ko da ka fi gudu. Sucker Punch na Kingambit dai yana faɗuwa idan ka zaɓi dabarar da ba bugu ba, don haka a gabansa akwai hikima ka fara da Earth Power ka ajiye Stealth Rock zuwa zagayen da kake da ɗigo ɗaya. Sannan idan ka janye ta ka dawo da ita ta taka tarko, jininta ya daina zama cikakke, Focus Sash ya zama ado.

Batun Great Tusk da ke share maka aiki, maganinsa ba a jikin Glimmora yake ba, a tawaga yake. Rapid Spin, wanda yake share tarko da shi, bugu ne na jinsin gama-gari, ba ya kama Fatalwa. Gholdengo shi ne abokin tafiyar da aka saba haɗa ta da shi, saboda yana toshe hanyoyi uku: Fatalwa ne, Rapid Spin ba ya kama shi, Ƙarfe ne, Mortal Spin ba ya kama shi, baiwarsa ta Good as Gold kuma tana hana Defog, wata dabarar share tarko, aiki a kansa. Sai dai Great Tusk yana iya tsammanin shigowarsa ya tarbe shi da Headlong Rush ko Knock Off, shi ya sa ake yawan ba shi Air Balloon. Court Change na Cinderace kuwa ba ya tsayawa don kowa, yana juyo da tarkonka gaba ɗaya zuwa ɓangarenka, kuma a nan Mortal Spin ko wani mai shara na biyu yake ceton ka. Ka kuma sa mai Knock Off, bugun da ke kakkaɓe abin riƙo, a tawaga, domin tun Sword da Shield na 2019 akwai Heavy-Duty Boots, takalmin da ke sa mai shi ya taka kowane tarko lafiya. Wasu suna ba Glimmora Tera, wato sauya jinsi a tsakiyar karawa, na Fatalwa don ta toshe Rapid Spin da kanta. Yana aiki, amma Tera sau ɗaya ake yi a karawa, kuma ni na fi son a ajiye shi ga wanda zai rufe wasa.

Kalmar "kullum" da ke cikin tambayarka ita ma a gyara ta. A zamanin Diamond da Pearl na 2006 ba a ganin tawagar abokin karawa kafin a fara, shi ya sa aka yi ta gina masu buɗe fage na dindindin irin Azelf mai Stealth Rock da Taunt da Explosion. Tun Black da White na 2010 ana nuna dodanni shida na kowa kafin a zaɓi na farko. Abokanka sun san Glimmora za ka fitar, sun shirya mata tun kafin a kawo shayi. Idan ka ga Samurott na Hisui, ko Landorus ko Garchomp da suka fi ta gudu kuma suna da Earthquake, fara da wanda zai kore su, ka shigo da ita daga baya ta hanyar U-turn, bugun da ke janye mai shi ya shigo da wani, ko bayan wani ya faɗi, lokacin da ɓangarenka ba tarko.

Wannan lissafi na aiki ɗaya da abin riƙon da ke tabbatar da shi haka yake ga sauran masu buɗe fage. Grimmsnarl yana kafa Reflect da Light Screen, masu rage ɓarna da rabi, kuma Light Clay yana tsawaita su daga zagaye biyar zuwa takwas. Baiwarsa ta Prankster tana ba shi fifikon fara motsi a dabarun da ba bugu ba, don haka makinsa a jini da kariya ake zubawa, amma Taunt ɗinsa ba ya kama jinsin Duhu. Ribombee mai asalin gudu 124 tana zuba Sticky Web da ke rage gudun masu taka ƙasa, ta dace da tawagar masu ƙarfi marasa sauri. Masu kawo yanayi kuwa akasin Glimmora ne: idan Pelipper mai ruwan sama da Torkoal mai rana suka fito tare, yanayin wanda ya fi jinkiri ne ke tabbata, kuma Torkoal mai gudu 20 ne ke cin wannan.

Idan wata rana kuka koma tsarin gasar hukuma a Switch, inda ake biyu da biyu a mataki na 50 kuma ana zaɓen huɗu cikin shida, ajiye yawancin abin da ke sama. Karawar gajeriya ce, ba a yawan musanya, Stealth Rock ba ya biyan kuɗinsa. A can ana buɗewa da Fake Out na Incineroar, bugun da ke firgita abokin karawa ya rasa motsinsa, wanda ke aiki a zagayen farkon fitowarsa kawai kuma ba ya kama Fatalwa ko firgita mai riƙe da Covert Cloak, ko Tailwind da ke ninka gudun ɓangarenka na zagaye huɗu, ko Trick Room da ke juya tsarin gudu na zagaye biyar. Kusan kowane dodo yana ba Protect gurbi ɗaya, kuma ba a yarda biyu su riƙe abu iri ɗaya ba, don haka Focus Sash guda ne a tawaga, sai ka zaɓi wanda ya fi bukatarsa a cikin biyun da za ka fara fitarwa.