Amsa: yadda za ka kare sumo idan ruwan burtsatse ba shi da yawa

Malam, ka ce sumonka, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin burtsatse, yana janye ruwan rijiyar cikin mintuna kaɗan, sai ya koma zuƙar iska. Haɗarin ke nan, domin ruwan da yake ciki shi ke sanyaya injin; babu ruwa, ƙonewa zai yi.

Ka sa mai gyaran lantarki ya haɗa maka na'urar gane matakin ruwa, a rataye wayarta sama da sumon kaɗan. Ruwa na sauka, sai ta kashe wuta, ba za ta kunna ba sai rijiyar ta sake tarawa. Sannan ka ɗan rage bawul, ruwa ya riƙa shiga tanki sannu a hankali.

Kada ka sauke sumon har ƙasan rijiyar, yashi zai sha. Ka ƙara lura a Maris da Afrilu, lokacin ruwa ya fi ja baya.