Yaya aka yi aka buga kofin duniya na ƙwallon hannu a Masar ana tsaka da korona?

Tambaya: Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Daura. Tun da aka kulle garinmu a watan Afrilun 2020, yaran da nake koya wa ƙwallon hannu suka watse, wasu har yau ban sake ganin ƙeyarsu a fili ba. Amma a Janairun 2021 sai ga shi ana buga gasar duniya a Masar. Ganganci hukumar duniya ta yi, ko akwai wata dabara da mu ba mu sani ba?

Amsa: Malam, dabara da kasada duk suna ciki, amma abin da ya fi su nauyi shi ne kuɗi.

Hukumar ƙwallon hannu ta duniya, IHF, an kafa ta a 1946, hedikwatarta tana birnin Basel na Siwizalan, tana kuma da ƙasashe fiye da 200 a ƙarƙashinta. Sai dai ba ta da 'yan wasa nata, kulob-kulob ne ke biyan su albashi. Ba ta da ikon buɗe iyakar wata ƙasa ko ba da biza. Abin da ke hannunta jadawali ne da dokoki da haƙƙin nuna wasa a talabijin. Gasar duniya ta manya ita ce saniyar tatsarta. In ba a buga ta ba, kuɗin horar da alƙalan wasa da masu koyarwa, da ɗan tallafin da ke zuwa ƙasashe irin namu, duk sai sun girgiza.

Ga shi kuma wasan namu ba ya jituwa da cutar numfashi, kai ma ka sani. A rufaffen zaure ake yi. Mai tsaron baya ƙirji da ƙirji yake tarar abokin karawa a bakin layin mita shida, numfashin wannan a fuskar wancan, ƙwallo ɗaya kuma mai danƙon ƙaro tana yawo a hannun mutum goma sha huɗu. Ina maganar ba da tazara a nan?

A 2020 dole ta sa hukumar ta yi ta ɗage abubuwa. Da aka mayar da wasannin Olamfik na Tokyo zuwa 2021, wasannin neman gurbi ma sai da suka koma Maris na 2021. Wasu wasannin share fagen zuwa Masar ba a buga su ba sam. A Turai matsayin da ƙasashe suka samu a gasar nahiyar ta Janairun 2020 aka duba aka raba kujeru.

Ita kuwa gasar Masar, daga 13 zuwa 31 ga Janairu, hukumar ta kafe a kanta. Ita ce ta farko da aka faɗaɗa daga ƙasashe 24 zuwa 32, an tanadi zauruka huɗu, kuma shugaban hukumar, Hassan Moustafa, wanda ke kan kujerar tun shekarar 2000, ɗan Masar ne. Ban ce shi ya sa ba, amma wanda bikin ke gidansu da wuya ya yarda a fasa. Dabarar ita ce killacewa: daga otal sai mota sai zaure, ba fita kasuwa, ba baƙo, gwaji a kai a kai. Da farko an so a bar 'yan kallo kaɗan su shiga, sai kyaftin-kyaftin na ƙasashen Turai suka yi ƙorafi a rubuce, aka rufe ƙofa gaba ɗaya.

Duk da haka shingen ya yi ɓaraka. Ana jajibirin farawa Jamhuriyar Cek da Amurka suka janye saboda cutar ta kama 'yan wasansu, aka kira Masedoniya ta Arewa da Siwizalan cikin gaggawa suka maye gurbi. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Cape Verde. Zuwanta na farko ke nan a tarihi. Ta buga da Hangari, kafin karawa da Jamus 'yan wasanta masu lafiya ba su kai adadin da doka ta nema ba, aka ba Jamus nasara 10 da nema, daga nan ta haɗa kayanta. A ƙarshe Danmak ta doke Suwidin 26 da 24 ta ɗauki kofi, bayan ta sha da ƙyar a hannun Masar a kwata fainal, wasan da sai da aka kai ga jifan fanareti.

A ganina an yi daidai da aka buga, tunda an kammala. Inda nake da ja shi ne wanda ya biya kuɗin sabulu. Gasannin duniya na matasa, na mata da aka shirya a 2020 da na maza na 2021, soke su aka yi, a ganina don ba sa kawo kuɗin da zai biya otal da gwaji da killacewa. Babba in ya rasa gasa, wata na tafe bayan shekara biyu. Yaro ɗan ƙasa da 19 kuwa, kafin a dawo shekarunsa sun tsallake, ba a sake kiran sa a wannan aji. Abin da ya same ka a Daura ke nan, Malam, ya kuma samu masu koyarwa a ƙasashen da suka fi mu zaure da kuɗi.