Ruwan inabi marar barasa mai sauƙin kuɗi

Kin tambaya wane ruwan inabi marar barasa za ki ajiye wa baƙi a walimar ƙanwarki ba tare da kin kashe kuɗi da yawa ba. Ki gwada Eva ko Chamdor, ja ya fi mini daɗi, amma sai ya yi sanyi sosai, in ba haka ba zaƙinsa yana gundura. Ki sayi katan wajen 'yan sari, ɗai-ɗai tsada ne.

Sai dai ki karanta jikin kwalbar. Wani ruwan inabi ne zalla mai gas, wani kuwa asalinsa giya ce aka cire mata barasa, ana iya samun ragowar har 0.5%. Ki duba lambar NAFDAC ma, jabu ya yi yawa.