Tambaya da Amsa: Shigar da Awon Sensa Takwas cikin Simulink

Tambaya: Malam, ina da fayil ɗin CSV (teburin lambobi) mai ɗauke da awon sensa 8, ana ɗaukar awon kowace sau 1000 a daƙiƙa har tsawon daƙiƙa 10. Na zuba shi a akwatin From Workspace (mai shigar da bayanai daga MATLAB), sai Simulink, manhajar MATLAB ta kwaikwayon yadda tsari ke aiki, ya ƙi, wai lokaci yana komawa baya. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibin injiniya.

Amsa: Ɗalibi, da alama teburinka ba shi da layin lokaci. Akwatin From Workspace yana ɗaukar layin tsaye na farko a matsayin lokaci, sauran kuwa sigina. Idan ka ba shi layuka 8 kawai, sai ya mai da sensa ta farko agogo, ita kuwa awonta hawa yake yana sauka.

Karanta fayil ɗin da umarnin readmatrix na MATLAB. Za ka samu layukan kwance 10,000 da na tsaye 8. Sai ka gina lokaci da kanka: t = (0:9999)'*0.001, ka liƙa shi a gaba, teburin ya koma mai layukan tsaye 9. Ka yi shi da ninkawa kamar haka, kada ka riƙa tara 0.001 a kan 0.001, domin ɗan kuskuren lissafin kwamfuta yana taruwa har lokutanka su goce wa matakan kwaikwayon. Matakin ma ka tsayar da shi a 0.001, idan ya fi haka girma, za a tsallake wasu awon.

Duk takwas ɗin za su fito a waya ɗaya. Sa akwatin Demux mai mafita 8 ya rarraba su.

Wurin da na fi so ka kula shi ne ƙarshen bayanan. Awonka na ƙarshe yana kan daƙiƙa 9.999. Idan kwaikwayon ya wuce nan, akwatin From Workspace zai ci gaba da ƙirƙiro ƙima bisa gangaren awo biyu na ƙarshe, ba tare da gargaɗi ba, kuma sakamakon zai yi kama da na gaske. Tsayar da kwaikwayon a 9.999, ko ka zaɓi ya riƙe ƙimar ƙarshe.

Haka nan yana ja layi miƙaƙƙe tsakanin awo biyu. Ga zafi ko matsi hakan daidai ne, amma sigina mai kunnawa da kashewa kawai ta cancanci akwatinta daban, a kashe mata zaɓin Interpolate data, wanda shi ke jan wannan layin.

In ka koma akwatin From File, mai karanta bayanai daga fayil, juya teburin: a can lokaci a layin kwance na farko yake.