Amsa ga mai tambayar salmon na tafki da tsutsar da ya gani a cikinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa jihar Maine ta Amurka, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Na ga tambayarka cewa ka kama salmon a tafki bayan narkewar ƙanƙara, da ka farke cikinsa sai ka tarar da wasu fararen tsutsotsi sirara kamar zare, uwargida ta ce a zubar, kuma kana son sanin ina ake samunsa a farkon lokacin kamun kifi tunda sau ɗaya kawai ka dace. Toh kar ka zubar tukuna, amma ita ma uwargida kar ka ga laifinta, duk wanda ya fara ganin abin nan sai tsigar jikinsa ta tashi.

Bari in fara da tsutsar tunda ita ce ta hana gida zaman lafiya. Na daɗe ina fatsa a tafkunan nan, musamman Sebago, kuma gaskiya ba abin mamaki ba ne ka buɗe salmon na tafki ka ga tsutsa. Wadda ka kwatanta, doguwa siririya a kwance tsakanin kayan ciki, galibi ita ce masana ke kira Philonema. Alamarta ɗaya da nake ganewa, idan ta yi yawa za ka ga hanji da hanta duk sun manne da bangon ciki, sai ka sa yatsa ka ɓamɓare su maimakon su zubo da kansu. Wannan ba ta kama mutum. Haka ma baƙaƙen ɗigo-ɗigon nan da ake gani a fata kamar an barbaɗa masoro, su tsakanin tsuntsu da dodon koɗi da kifi suke yawonsu, babu ruwansu da kai, in sun dame ka ka feɗe fatar.

Wadda za ka yi hattara da ita ita ce 'ya'yan tsila. Ƙwanta na faɗawa ruwa, wasu ƙananan halittu da ido bai cika gani ba su haɗiye, ƙaramin kifi ya cinye su, salmon ya cinye ƙaramin kifin, sai ta zauna a jikinsa tana jiran tsuntsu ko kare ko mutum. Wani lokaci za ka ga fararen ƙuraje a bangon tumbi, wani lokaci tana cikin tsoka ba za ka gan ta ba sam. In ta shiga hanjin mutum tana iya yin tsawon mitoci, kuma tana iya shanye bitamin B12 har jini ya ragu. Shi ya sa ni da na kama kifin da zan ci, a nan take nake cire kayan cikin in sa shi cikin ƙanƙara, ba na barinsa ya wuni a ƙasan jirgi. Kayan cikin kuma a ƙulle a leda a kai bola, kar a jefa a tafki kar a ba kare, don ta nan ake ƙara yaɗa ta.

Maganin duka dai wuta ce. Hukumar abinci ta Amurka ta ce cikin tsokar ya kai digiri 63 a ma'aunin Salsiyos, wato 145 a nasu ma'aunin na nan. In ba ka da abin awo, ka duba wajen da ya fi kauri kusa da ƙashin baya, ya daina sheƙi, ya riƙa rabuwa da kansa in ka taɓa da cokali. Mu da muke soya kifi ya soyu sannan mu sake jefa shi a miya ai ba mu da matsala. Inda matsalar take shi ne in abokan aiki sun ja ra'ayinka ka ci shi ɗanye irin sushi, ko a jiƙa da gishiri da lemon tsami a ce ya "dahu". Bai dahu ba wallahi. Bandar kifi ma kala biyu ce a nan, akwai ta zafi wadda ke dafa kifin, akwai ta sanyi da hayaƙi kawai ke ratsa shi, ita wannan ba ta kashe komai. Masu cewa a daskarar kuma, sharaɗin shi ne digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7, kuma firizar gida da yara ke buɗewa kowane minti ban yarda ta kai haka ba.

Wani abin da wuta ba ta cirewa shi ne sinadarin makuri, wani ƙarfe mai guba da ke taruwa a jikin kifi. Shawarar jihar ita ce mai ciki da mai shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 8 kar su wuce ci ɗaya a wata na wannan salmon ɗin, sauran mutane ci ɗaya a mako. Ni wannan ya fi tsutsa damuna in gaya maka gaskiya.

Sai batun kamun. Sirrin duka yana wajen wani ɗan kifi mai suna smelt, shi ne abincin salmon, kuma da ƙanƙara ta narke yake tururuwa zuwa bakin koguna da rafuka don ya yi ƙwai, salmon na biye da shi. Saboda haka kar ka ɓata mai kana yawo tsakiyar tafki, Sebago zurfinsa ya kai ƙafa 316 amma a watan Afrilu kifin yana sama-sama, wani lokaci kana ganin yadda yake watsa smelt a saman ruwa. Ka nufi bakin kogin Songo da sassafe, za ka ga jiragen tsofaffin masunta sun yi layi, ka bi sahu amma kar ka ratsa ta bayan wani don zarensa a sake yake da nisa, nan ake faɗa. Ana jan ƙugiya ne a bayan jirgi yana tafiya, ko da smelt ɗin da aka ɗinke a ƙugiya ana tafiya a hankali, ko da ƙugiyar gashin tsuntsu irin Grey Ghost da Carrie Stevens ta fara ɗaurawa a yankin Rangeley, ita kuma tafi son a ɗan ƙara gudu. Ni na fi samun sa'a ranar da gari ya yi lumshi iska na ɗan kaɗa ruwa, ranar da tafki ya kwanta lumui rana ta take sai dai ka sha shayi ka koma gida. In ya kama kuma ka sassauta masa, kifi ne mai tsalle, in ka ja da ƙarfi lokacin da yake sama zai yar da ƙugiyar. Da ruwa ya fara ɗumi wajen Yuni sai ya nutse ƙasa, daga nan sai da zare mai nauyi.

Ka yanki lasisi, ka karanta littafin doka na shekarar don kowane tafki da nasa ƙa'idar tsawo da adadi, kar ka ɗauka ta wancan tafkin ita ce ta wannan. Ragowar kifin koto mai rai ba a juye shi a ruwa, laifi ne. Rigar ceto kuma a jikinka ba a ƙarƙashin kujera ba, ruwan Afrilu bai wuce digiri 4 zuwa 5 ba, cikin 'yan mintuna hannu ke daina aiki ko da ka iya iyo. In za ka fita Asabar mai zuwa ka yi min magana ta ciki, akwai wuri a jirgina, sai dai ka zo da safar hannu biyu don ɗaya za ta jiƙe.