Amsa ga mai tambaya kan doguwar rigar siliki mai zanen furanni

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa kin samu doguwar riga ta siliki mai zanen furanni, kina tsoron wanke ta kada ta zuba, kuma kin rasa abin da za ki haɗa ta da shi. Na daɗe ina sa irin waɗannan riguna, to ga abin da na sani.

Fara tabbatarwa silikin gaske ne, don da yawa daga abin da ake kira siliki yanzu foliyesta ne, wato zaren roba, mai sheƙi, shi kuwa ba ya buƙatar wannan lallaɓawar. Duba 'yar takardar da aka ɗinke a jikin rigar. In babu, zaro zare ɗaya ko biyu daga bakin ɗinki ta ciki, ki kusanta shi da wutar ashana. Na gaske ƙaurin gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta, tokar kuma ta murmushe a yatsa. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri.

Wannan ƙaurin gashin yana da dalili. Tsutsa ce ke saƙa zaren siliki, kuma furotin ne kamar gashin kanki, don haka duk abin da ba za ki yarda ya taɓa gashinki ba, kada ya taɓa rigar. Mutane ruwa suke tsoro, amma ni a ganina sabulu ne ya fi kashe siliki. Yawancin garin sabulun wanki yana da sinadaran da aka yi su musamman don cinye tabon furotin, irin jini da gumi, kuma ba su san bambancin tabo da zaren rigar ba. Bilic kuwa narkar da siliki yake yi, ko kusa kada ki kai shi. Shamfu marar ƙarfi, irin na jarirai, ya wadatar.

Batun zuba, ki gwada tukuna. Jiƙa farin ƙyalle da ruwan sanyi ki danna shi kan furen da ya fi duhu, a wurin da ba a gani, kamar lanƙwasar ƙasan rigar. Ja da shuɗi mai duhu su ne na fi zargi. In launi ya fito a ƙyallen, haƙura da wankin gida, ki kai wa masu wankin da ba sa amfani da ruwa, ki kuma faɗa musu da bakinki cewa siliki ne, kuma tana zuba.

In bai fito ba, juya rigar baibai ki sa a ruwan sanyi wanda bai wuce digiri 30 ba, ita kaɗai. Ki riƙa juya ta a hankali na minti 3 zuwa 5, shi ke nan. Ban da jiƙawa a bari, ban da cuɗawa, ban da murɗawa, saboda siliki rauni yake yi in ya jiƙe, kuma a zaman jiƙon ne launin furen ke malalowa cikin farin wurin. A ɗaurayar ƙarshe ina zuba cokali ɗaya na farin khal, yana kwashe ragowar sabulu ya dawo da sheƙin. Sai ki shimfiɗa ta kan tawul, ki naɗe, ki danna ya tsotse ruwan. Shanya a inuwa. Rana tana koɗar da furannin, tana kuma sa zaren ya yi rauni.

Ki goge ta tun tana da ɗan danshi, ta baibai, da wuta mafi ƙanƙanta, ki ɗora farin ƙyalle tsakaninta da dutsen guga. In ta riga ta bushe kada ki yayyafa mata ruwa, zai bar miki zagayen tabo. Tururi daga nesa ya fi.

Gaskiya ma dai ba kowane sawa ake wankewa ba. Shimi mai laushi a ciki yana tare gumi, yana kuma sa rigar ta zauna da kyau maimakon ta manne miki. Turare da man shafawa ki gama da su, su bushe a jiki kafin ki zura rigar, don barasar da ke cikin turaren fesawa tana ɓata launi, tabonta kuma da wuya ya fita. In maiƙo ya ɗiga, barbaɗa farar hoda a wurin ta kwana, da safe ki kaɗe. Wajen ajiya ban da leda, tana riƙe danshi. Jakar auduga ta fi, kuma a ajiye ta da tsabta, don asu ya fi bin tufar da ke da gumi. In yankan karkace aka yi mata, wato an yanka yadin a karkace ba a miƙe ba, ninke ta, rataya a hanga yana sa gefe ɗaya ya zarce ɗaya.

Haɗin kaya kuwa, furannin sun riga sun yi adon, kada ki ƙara musu kishiya. Dabarata ita ce in duba launin da ya fi ƙaranci a zanen, wataƙila koren ganyen ko ɗigon da ke tsakiyar fure, in nemi mayafi, takalmi ko jaka marasa zane masu wannan launin. Yawanci mutane launin da ya fi yawa suke ɗauka, sai kwalliyar ta fito dishi-dishi, komai ya saje. In furannin manya ne, ɗan kunne ƙarami da siririyar sarƙa sun isa. Ƙananan furanni ne ke ɗaukar sarƙa mai ɗan nauyi, ko siririn bel in rigar mai faɗi ce. Sai dai ki shafa zobe, awarwaro da igiyar jakarki da yatsa kafin ki fita, duk wanda kika ji yana da kaifi ko ƙaiƙayi ki ajiye shi, don zai ja zare. Fil ma kada ki soka a jikin rigar, hudarsa ba ta rufewa.