Kakanka da rediyonsa ranar wasan Kotoko

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan kana lafiya da mahaifiyarka da ƙannenka. Ka ce ranar wasan Kotoko, ƙungiyar ƙwallonmu ta Kumasi, kun taru a ɗakin kakanka a unguwar Aboabo kuna kallon talabijin, shi kuwa ya manna rediyo a kunne, yana cewa an ci tun ƙwallo ba ta shiga raga a idonku ba. Kana tambaya ko wata al'ada ce, kuma ko laifi ne ka ce ya kashe.

Kada ka ce masa ya kashe. Riga ku da yake yi ba duba ba ne. Muryar FM kusan kai tsaye take isowa, hoto kuwa sai ya bi ta tauraron ɗan'adam da dikoda kafin ya fito, shi ya sa yake makara da 'yan daƙiƙoƙi. Masu kallo ta intanet sun fi kowa zama a baya.

Rediyo ta fara aiki a ƙasar nan tamu Ghana a 1935 da tashar ZOY a Accra, shekarar da aka kafa Kotoko ke nan. Talabijin sai 1965, mai launi kuma sai 1985, kuma a zango gidan da yake da ita a lokacin kowa ya san shi. Saboda haka kofin Afirka da Black Stars, ƙungiyar ƙasa, suka ɗauka a 1963 da 1965, su Alhaji kakanka da kunne suka kalle shi. Ɗan wasa Baba Yara da sunansa ke jikin filin wasanmu na Kumasi, wanda haɗarin mota ya raba shi da ƙwallo a 1963 har ya rasu a 1969, wanda bai je fili ba a bakin mai sharhi ya san gudunsa. Ni ina yaro lokacin da Kotoko ta doke Englebert ta Kwango a Kinshasa ta ɗauko kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka na 1970, a gindin akwatin rediyo na ji.

Zaman yana da ladabinsa. Mai rediyo ba ya shigewa ɗaki da ita ranar wasa, abin kunya ne, ƙofar gida ake fito da ita a ɗora kan benci. Batir karo-karo ake saye, waɗanda suka yi sanyi a shanya su a rana tun safe ko za a ƙara tatsar wani abu. In murya tana shaƙewa, a ɗaura wa eriya waya a ba yaro ya riƙe, kuma kada ya motsa. Dattawa a kan benci, mu a ƙasa. Sharhin da Turanci yake zuwa, sai a sa wani mai boko kusa da akwatin yana mayarwa da Hausa, in muryar mai sharhi ta hau sama kowa ya yi tsit, ko tari ba a so. Wasan ƙarfe uku kuma hutunsa yakan faɗo daidai da la'asar, a rage murya a tashi a yi jam'i a dawo.

Abin da ya sa ni ma har yau na fi karkata ga rediyo shi ne ba ta ƙwace wa mutum ido da hannu. Tela yana taka kekensa, mahauci yana sara, direba yana lodi a tashar Kejetia, duk suna cikin wasan. Baƙo ya yi sallama a dube shi a amsa, a matsa masa wuri. Shiga ɗakin da ake kallo ka yi sallama ka gani, ƙeya za ta amsa maka.

Ba na ce mai sharhi malamin gaskiya ba ne. Tun da gidajen FM masu zaman kansu suka buɗe wajen 1995, sharhi da harshen Twi ya bunƙasa, gishiri ma ya ƙaru. Ƙwallo tana tsakiyar fili ya kai ta bakin raga, in ɗan Kotoko ne kuwa, duk busar da alƙali ya ba abokiyar hamayyarmu Hearts gaskiya, a wurinsa ba adalci ba ce. Hannun da Suarez na Uruguay ya sa wa ƙwallo a wasanmu na kofin duniya a 2010 da fenaritin Asamoah Gyan da ya daki ƙarfe, da ba mu gani da ido ba da har gobe ana musu. Nan kam talabijin ta yi rana. Amma da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya matsa, samarin da ke mana dariya su ne suka zo suka tsuguna gindin rediyon tsofaffi.

Ga yadda za ka yi. Ka sayo abin sawa a kunne ka ba shi a matsayin tsaraba, ba tare da ka ce don me ba. In ya sa, shi ke nan. In ya jefa shi a aljihu ya ci gaba da abinsa, ku rage muryar talabijin ku bi tasa, ko ku tafi gidan kallo, ɗakin nasa ne. Lokacin hutu ka tambaye shi tsakanin tsofaffin 'yan wasan Kotoko, Osei Kofi da Abdul Razak, wa ya fi, amma ka tabbata ba ka da wata aika a gabanka.

In za ka je ranar Lahadi ka riƙo masa batir manya, nasa sun kusa ƙarewa. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.